Ƙaramar tarakta mai awa 4,200 da loda da hannun haƙa, in saya ko in haƙura?

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayar taka har sau biyu. Kace ka samu ƙaramar tarakta wadda aka riga akayi amfani da ita mai ƙarfin doki 35, mai ja da ƙafa huɗu, da bokitin loda a gaba da hannun haƙa a baya, giyarta irin mai aiki da mai ɗin nan ce wato HST, mita na nuna awa 4,200, mai ita yace lafiyarta ƙalau, kai kuma so kake ka riƙa haƙa magudanar ruwa da ramin bututu da kwasar yashi da taki a gonarka amma awar ce ta tsaya maka a rai. Toh bari in faɗa maka abinda na sani, don na daɗe ina kwance irin waɗannan ina ɗaurawa, kuma na raka mutane da dama dubawa kafin su biya.

Awa 4,200 ba kaɗan bace, ba zan ɓoye maka ba, ga ƙaramar tarakta ta sha aiki. Amma ita kaɗai bata isa tasa ka gudu ba. Ƙananan injinan dizal ɗin nan masu silinda uku ko huɗu, irin na Kubota ko na Yanmar da ake sakawa a ƙananan John Deere, in dai an kula musu da bakin mai da filtar iska suna da wuyar mutuwa, ni da idona naga wanda ya haura awa 6,000 ba'a taɓa buɗe kansa ba. Abinda yake cinye kuɗin mutum a tarakta mai loda da hannun haƙa galibi ba injin bane, ƙarfen jikinta ne da wuraren da aka ɗaura lodar da hannun haƙar, da fin da bushin na gaɓoɓi, wato sandar ƙarfen da gaɓa ke juyawa a kai da zoben da take zaune a ciki, da giya, da aksil ɗin gaba. Yawancin masu saye sai su tsaya suna sauraren ƙarar inji, in yayi daɗi a kunne su miƙa kuɗi, basu taɓa kwanciya ƙarƙashinta da tocila ba, kuma a can ƙasan ne matsalar take zama.

Ita mitar ma kar ka ɗauke ta kamar rantsuwa. Tsofaffin taraktoci da mitarsu ke haɗe da wayar allurar gudun inji ba awar agogo suke ƙirgawa ba, juyin inji suke bi, sai injin yana gudun da aka tsara masa na aikin PTO, wato sandar nan ta baya mai juya kayan aikin da aka jona, sannan awa ɗaya take zama awa ɗaya, in yana sulo ko rabin totur mitar a hankali take tafiya. Shi kuma aikin haƙa sau da yawa ba'a cikakken totur ake yinsa ba, kaga kenan wadda ta nuna 4,200 zata iya yiwuwa ta zauna a kunne fiye da haka. Masu mitar lantarki su agogo suke bi. Sannan mita tana lalacewa a canza sabuwa ta fara daga sifili, wayarta tana tsinkewa a share shekara biyu ba'a gyara ba, wani ma da gangan yake cirewa. Don haka ka gwada abinda mita ta faɗa da abinda jikin taraktar ke faɗa, ka duba fedar da ake takawa ko ta cinye har ƙarfe yana sheƙi, da sitiyari ko yayi santsi, da ramin ƙarfen ja na baya ko ya bar zagaye ya koma kamar ƙwai. Ido ba mudu ba amma ya san kima.

Tambayar da tafi muhimmanci ka yiwa mai ita shine a hannun wa tayi wannan awar kuma cikin shekara nawa. Awa 4,200 cikin shekara 20 awa 210 ce a shekara, wannan aikin mutum ɗaya ne a gonarsa. Amma 4,200 cikin shekara 5 awa 840 ce a shekara, wannan kuma ta haya ce ko ta ƴan kwangila, kullum sabon direba ne a kai wanda ba kuɗinsa bane, yana dukan dutse da bokiti yana jan kututture da hannun haƙa ta gefe. Ba wai ta haya bata saiwa bace, wasu masu bada haya sunfi kowa kiyaye lokacin canjin mai, amma gaɓoɓinta sun sha wahala dole. Ka nemi takardun sabis ko rasit na filta da mai. In babu, ka duba jikin filtocin, masu kula da yawa suna rubuta awa da kwanan wata a jiki da maka, kuma ka tambaye shi wane mai yake zuba wa giyar. In ya tsaya yana tunani ko yace duk wanda ya samu, ka riƙe wannan amsar a ranka zamu dawo kanta.

Ranar da zaka je ka gaya masa kar ya tada ta kafin kazo. Kana isa, tun gaisuwa bata yi nisa ba, ka ɗora bayan hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi toh an riga an ɗumama maka ita, ka ce zaka dawo gobe da sassafe, don inji mai raunin matsin iska a silinda da sanyi yake tona asirin kansa, in yayi zafi tashi ɗaya yake yi kamar sabo. Kafin a murɗa makulli ka zaro sandar gejin mai, baƙi ba laifi bane a dizal, abinda baka so shine ka ganshi fari-fari kamar an kaɗa shi da ruwa, ko ya haura alama yana warin dizal. Ka buɗe lagireto tun da sanyi ka gani ko akwai mai yana yawo a saman ruwan ko tsatsa. Sai ka cire filtar iska ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, wanda ke shiga inji. Wurin nan tas ya kamata ya kasance. In yatsanka ya fito da ƙura toh injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, kuma ƙasa a cikin silinda aikin sanfefa take yi, tana cin ringi da bangon silinda a hankali.

Sai a jira hita mai ɗumama cikin silinda ta gama a tada. Ɗan hayaƙi fari ko toka-toka na ƴan daƙiƙu da sanyi ba komai bane in ya washe. Shuɗi mai ɗorewa bakin mai yake ƙonawa, fari wanda yaƙi tsayawa bayan inji yayi zafi ko dai nozul ne ko raunin matsi ko ruwa na shiga silinda, baƙi kuma in an ɗora mata nauyi sau da yawa filta ce ta toshe ko nozul. Yana cikin sulo ka kwance murfin zuba bakin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba, in ɗan rawa yake yi kawai babu damuwa, amma in huci yana tunkuɗo shi yana fesar hayaƙi fuf fuf fuf, ringi sun tafi. Ka leƙa bakin lagireto kafin ruwan yayi zafi, in kumfa na tasowa ba tsayawa gaskit ɗin kan inji ne ko kan ya tsage. In duk wannan ya wuce lafiya kuma da gaske kake sayen, ka biya makanike ya auna matsin kowace silinda, littafin injin yana da lambar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba, kuma galibi ba'a son bambancin tsakanin silinda ya wuce kashi 10 cikin 100. Wannan ɗan kuɗin awon shine mafi amfani a duk abinda zaka kashe ranar.

Yanzu giyar, kuma anan nake so ka bani hankalinka. HST famfo ne haɗe da moto mai juyawa da matsin mai, ka taka feda gaba ta tafi gaba ka taka baya ta koma baya, ga aikin loda babu kamarta don baka ƙona kuloci. Amma in ta gaji gyaranta yana da tsada sosai, kuma halinta shine da sanyi bata nuna komai saboda man yana da kauri yana toshe gibin da ya cinye, sai yayi zafi ya tsinke sannan ƙarfi ya gudu. Saboda haka zagaye biyu a fili ba gwaji bane. Ka nemi a barka kayi aiki da ita aƙalla rabin awa, ka kwashi ƙasa, ka haƙa rami, ka hau tudu in akwai. Bayan tayi zafi sosai ka sata a ƙaramar giya da ƙafa huɗu ka tura bokitin cikin tulin ƙasa ka taka feda a hankali. Mai lafiya ko dai tayoyi su fara kartar ƙasa ko injin ya nauyaya kamar zai mutu. In kuwa injin yana ta gudunsa hankali kwance, giyar tana kuka, taraktar tana tsaye wuri ɗaya, toh ta gama. Ɗan kuka kuwiii dama halin HST ne kar ya baka tsoro, wanda ke ƙaruwa da zafi har da kakkarwa shine abin gudu. Ka kuma lura in ka ɗaga ƙafa ko tana tsayawa cak ko tana ci gaba da rarrafe, wannan sau da yawa saiti ne kawai ko sifirin.

Ga dalilin da yasa nace ka riƙe amsarsa akan man giya. A yawancin ƙananan taraktocin nan mai ɗaya ne yake yiwa giya da loda da hannun haƙa da ɗaga kayan baya aiki, duk daga tanki ɗaya. Duk ƙasar da ta shiga ta bakin tiyon da aka jona ba'a goge ba, duk ruwan da ya shiga ta sil ɗin da ya mutu, zagayawa zasu yi su bi ta cikin HST. Ka zaro gejin man ka shinshina, ka ɗiga a farar takarda ka kalla a rana. Warin ƙonewa, ko launi fari-fari, ko ƙyalli kamar garin tagulla, duk ba labari mai daɗi bane, musamman tagullar nan don a cikin famfon HST ake samun sassa na tagulla. Akwai wadda muka taɓa dubawa, inji tsaf, fenti tsaf, man ma sabo fil an canza kwana biyu kafin muzo, na roƙi mai ita ya bari mu zaro ragar tace mai ta ƙasan giyar, da kyar ya yarda, muna zarowa sai gata shafe da ɓarɓashin tagulla kamar an barbaɗa. A nan cinikin ya mutu. Sabon mai fil a tsohuwar tarakta ranar sayarwa ni yana sa in ƙara bincike ne.

In da mai giyar hannu ce da sai ince ka kula da kuloci, don aikin loda cinye shi yake, kuma canza shi sai an raba taraktar gida biyu, kafin nan ma sai an sauke loda da ƙarfen hannun haƙa, kuɗin aikin yafi kuɗin kayan.

Aksil ɗin gaba shine yake ɗaukar duk nauyin da bokiti ya ɗebo. Ka danna bokitin a ƙasa har tayoyin gaba su tashi, wannan ma gwaji ne don loda mai lafiya ya kamata ta iya ɗaga gaban taraktar ba wahala. Ka kashe inji, ka ja birkin hannu, kar ka shiga ƙarƙashi, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza sannan hagu da dama. Ƙas ƙas ɗin da zaka ji ko boris ne ko ƙarfen sitiyari ko fin ɗin tsakiya da aksil ɗin ke lilo a kai. Ka duba bayan kowace taya ko mai ya jiƙe wurin, sil ɗin nan suna yawan yoyo kuma canza su ba wani abu bane, matsalar ita ce in an daɗe ana tafiya ba mai a ciki haƙoran giyar ciki sun riga sun cinye. Ka buɗe ka ga man da idonka. Sannan ka sa ƙafa huɗu ka juya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali akan ƙasa, ka saurari ƙara.

Lodar kuma ka kaita wuri mai shafe daidai, ka tabbatar iskar tayoyi ɗaya ce, ka sauke bokitin a hankali ka gani ko gefe biyun suna taɓa ƙasa tare. In ɗaya ya riga ɗaya da tazara toh hannun ya murɗe, an taɓa ɗaga abu mai nauyi da kusurwa ɗaya ko an daki wani abu da gudu. Sai ka ɗauki tocila ka bi duk inda aka ɗaure ƙarfen lodar a jikin taraktar. Jar ƙura ta tsatsa a kewayen noti alama ce wurin yana motsi, kuma notin da ya daɗe a kwance ramin yake faɗaɗawa ko ya tsaga inda ya shiga. A yawancin waɗannan taraktocin injin da gidan kuloci da gidan giya su ne ƙashin bayanta, an ɗaure su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma zubin ƙarfe ne wanda walda bata cika riƙe shi da kyau ba. Tsagewa a hannun loda ko bokiti ana waldawa a ci gaba da aiki, waldar da aka yi da kyau bata ɗaga min hankali. Tsagewa a gidan giya ko gidan kuloci kuwa ni a nan nake sallama in tafi ko nawa aka rage. Ka kula da sabon fenti a wuri ɗaya tak alhali sauran jikin ya koɗe, kyan ɗan maciji ne, ka kankare da farce ko makulli ka ga me ke ƙasa.

Wannan ya kawo mu hannun haƙa, kuma abu na farko da zaka duba shine yadda aka ɗaura shi, kafin ma ka taɓa liba ko ɗaya. Iri uku ne. Akwai waɗanda tun daga kamfani don wannan aikin aka ƙera su da shasi mai kauri tun daga gaba har baya, irin Kubota B26 da L39 da L47 da M59 ko John Deere 110, waɗannan sunfi jure awa mai yawa. Akwai tarakta ta noma da aka yiwa ƙarin shasi a ƙasa wanda ya kama aksil ɗin baya ya miƙe har wajen ƙarfen loda, shi yake raba ƙarfin haƙar a duk jikin, wannan ma yayi. Na ukun shine wanda aka rataya kawai a hannaye ukun nan na baya da ake jona garma. Wannan ne nake tsoro, don hannayen nan an yi su ne don ja da ɗagawa, shi kuma hannun haƙa fizga yake da turawa da murɗawa ta gefe, kuma duk ƙarfin yana ƙarewa ne a inda hannun sama na cikin ukun ya kama gidan giya. Na ga wurin ya ɓalle da gutsuren ƙarfen gidan a jikinsa, mai yana zuba. In taka irin ta ukun ce kuma tayi awa 4,200, ka wanke wurin nan tas ka duba shi kamar mai neman allura.

Sai gaɓoɓi. Littafin yawancinsu cewa yake a sa giris duk bayan awa 10 na aiki, ka lissafa da kanka sau nawa kenan a rayuwar wannan taraktar, kuma mutum nawa ne suke yi. Ka bi kan giris ɗin ɗaya bayan ɗaya, in ka ga tsohon giris baƙi ya taru a gefen kowace gaɓa yayi datti, ka ji daɗi, wannan dattin na mai kula ne. Gaɓar da ta bushe ƙamas tana fitar da jar ƙura ita ce mara lafiya. Ka sauke ƙafafun tokare biyun nan na gefen hannun haƙar masu kafe taraktar a ƙasa, ka miƙe hannun haƙar gaba ɗaya ya ɗan tashi daga ƙasa, a kashe inji, ka kama haƙoran bokitin ka tura hagu da dama da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon kowace gaɓa ya ga inda motsin yake fitowa. Ɗan lilo dole ne a wannan awar, kuma ka sani ƙaramin gibi a gindi yana zama babba a bakin bokiti saboda tsawon hannun. In a fin ɗin bokiti ne abu mai sauƙi ne. In a babban fin ɗin gindi ne wanda duk hannun ke juyawa a kai, sai a bincika sosai, don in fin da bushin ne kawai suka cinye ana canzawa a yini ɗaya, amma in bushin ya ƙare har fin ya fara cin ramin ƙarfen kansa, sai an cike da walda an sake huda shi daidai da na'ura, aiki ne na ƙwararru kuma ba araha. Haƙa da hannu mai lilo kuma wahala ce, kana son ramin bututu madaidaici bokitin yana zuwa inda yaga dama.

Silindodin haidirolik ka duba sandunansu masu sheƙi, karce mai zurfi ko tsatsa ko lanƙwasa yana nufin ko ka sa sabon sil zai sake yagewa. Bayan man yayi zafi ka ɗebo ƙasa cike da bokiti ka ɗaga, ka kashe inji ka jira minti goma kowa ya matsa nesa, ka ga nawa ya sauka. Haka zaka yi da hannun haƙa, haka da ƙafafun tokare bayan sun ɗaga bayan taraktar. Saukowa kaɗan-kaɗan halin tsufa ne, wanda kake ganin saukarsa da ido kuwa ko sil ɗin cikin silinda ne, mai sauƙi, ko bawul ɗin libobin ne ya cinye, mai tsada. In komai yana sauri da sanyi sannan yayi sanyin jiki da zafi, famfon ne ya gaji, makanike ya sa geji ya auna. Tiyo masu tsagewa kar su hana ka saye, ka ƙirga su kawai ka sa a lissafi. Amma don Allah Malam kar ka taɓa neman yoyon tiyo da hannu, matsin da ke ciki ya haura 2,000 a ma'aunin matsi na psi, man yana huda fata ya shiga tsoka ta ɗan rami kamar na allura, mutum yaga kamar ba komai har sai hannun ya fara lalacewa. Kwali ake karawa. In kuma tsautsayi yasa ya shiga, asibiti kai tsaye a lokacin.

Wani abu da mutane ke mantawa, tarakta mai hannun haƙa sau da yawa an cire mata hannayen jona garma an ajiye tun ranar farko, shekaru sun wuce an neme su an rasa. Tunda gona gare ka wata rana zaka so jona wani abu, ka ce a nuna maka su yanzu a loda maka tare. Ka sa a cire hannun haƙar a gabanka a mayar don ka koya kuma ka ga ko yana fita lafiya, ka gwada PTO na baya mai juyi 540 ko yana kamawa yana saki, don wadda ta shekara goma ba'a kunna shi ba tana iya bada mamaki. Ƙarfen kariyar da ke saman kujera ya kasance yana nan ba'a yanke ba ba'a huda ba ba'a walda ba, da bel ɗinsa, tarakta mai bokiti a sama saurin kifewa gare ta fiye da yadda kake zato. Birki biyun su kama daidai. Tayoyi ka duba tsagewar gefe, kuma na gaba da na baya su zama girman da kamfani ya haɗa don in an canza ɗaya da wani girman giyar ƙafa huɗun ce zata sha wuya. In an zuba ruwan gishirin ƙara nauyi a tayoyin baya ka duba wajen bakin iska, nan yake fara cin wilin da tsatsa.

In kuma ƙirar kasuwar Amurka ce daga 2013 zuwa sama mai ƙarfin doki sama da 25, da yawansu suna da matatar hayaƙi ta DPF a salansa, tana son dizal mai tsabta mai ƙarancin sulfa, kuma yawan zama a sulo toshe ta yake. Ka tambaya ko an taɓa wanke ta ko canzawa, ka ga ko wata wuta tana kunne a dashbod.

Kafin ka biya ko sisi ka kwafi lambar jikin taraktar, da ta lodar, da ta hannun haƙar, don kowanne da farantinsa kuma sau da yawa hannun haƙar na wani kamfani ne daban. Ka kira mai sayar da kayan gyara ka tambaye shi abu huɗu ko biyar da gangan, famfon ruwa, sil ɗin aksil ɗin gaba, kayan cikin HST, sil na silindar hannun haƙa, ka ji ko akwai kuma kwana nawa suke ɗauka. Akwai taraktocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan aka fito dasu daga baya, injinsu lafiya lau amma lambarsu bata cikin kundin dillalai da yawa, sai ƙaramin abu ya ajiye maka ita wata uku. Tarakta mai awa da yawa dole zata nemi kaya, in kayan ba samuwa suke ba arahar bata da amfani. Farantin da aka kankare ko aka cire kuma kar ma ka tsaya jin bayani, kuma ka tabbatar babu bashin banki a kanta, a rubuta takardar ciniki da lambobin a ciki da shaidu. Saye ta hoto ko bidiyo ba tare da kaje ba cinikin biri a sama ne.

Ni shawarar da nake ba kowa itace kar ka zuba duk kuɗinka a sayen, ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye, don ranar da ta shigo hannunka zaka canza bakin mai da man giya da na aksil ɗin gaba da ruwan lagireto da duk filtoci, ka wanke ragar tace mai, ka bi notin loda da na shasi da na tayoyi ka ɗaure su yadda littafi ya ce, kuma cikin watannin farko tiyo ɗaya ko biyu sai sun fashe. Yoyon sil, tiyo, fin ɗin bokiti, taya, kujera, batir, wayoyin wuta, duk waɗannan abin neman ragi ne, ka rubuta su a takarda ka nuna masa da farashinsu. Tsagewar gidan giya, HST mai mutuwa da zafi, huci mai ƙarfi daga inji, tagulla a mai, da rashin kayan gyara, ɗaya daga ciki ya isa ka haƙura.

Ka kuma auna aikin naka da gaskiya. Hannun haƙa na tarakta irin wannan zurfinsa bai cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, kuma duk bayan ƴan taku sai ka ɗaga ƙafafun tokare ka koma kujerar tuƙi ko ka juya ta ka matsa gaba ka sake saukewa. Ga magudanar gona da ramin bututu da cire ƙananan kututture da kake yi jefi-jefi a lokacin da ka ga dama, ya wadatar har da ƙari. In kuwa doguwar haƙa ce ta sati da sati ko ƙasa mai dutse, hayar ƙaramar eskabeta zata fi maka sauri kuma ka huta da karya tsohuwar tarakta. Ko da wanne zaka haƙa ka fara sanin inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi a ƙasa.

Don haka in ka tambaye ni, irin aikin da ka lissafa bai fi ƴan awoyi ɗari biyu ko uku a shekara ba, kuma tarakta mai 4,200 da ta tashi da sanyi ba gardama, ta riƙe ƙarfinta bayan rabin awa na aiki, hannun haƙarta yana kan shasi, gidan giyarta ba tsagewa, kayanta kuma ana samu, ni zan saya. Ka turo min sunan kamfanin da lambar ƙirar da shekararta, da hoton ƙarƙashinta daga gefe biyu inda ƙarfen hannun haƙar ya kama, da hoton inda hannun sama ke jonuwa a baya, da ɗan bidiyon tashin farko da safe wanda salansa ke fitowa a ciki, sai in gaya maka wuraren da irin wannan ƙirar ta saba bada matsala kafin ka ɗauki makanike ku tafi.